Sulen da Ya Bi Ni Har Gwiwa

Kano zuwa Kazaure

Ƙarfe biyar da rabi na asuba kiya-kiyarmu ta tashi daga Kano. Lokacin kuɗin man fetur ya fara yawo a hannun mutane, ni kuma na taho hutu daga Legas da sabon agogo da wata ɗabi'a da na koyo a otal-otal ɗin can: in ka ci abinci, ka bar wa mai kawowa ɗan wani abu. 'Yan sanda suka tsare mu sau ɗaya, suka buɗe buhun barkono, atishawa ta kore su. Ƙarfe takwas muna Kazaure.

A rumfar wata Hajiya kusa da tasha na ci shinkafa da wake na sule biyu. Wani dattijo, Baba Sale, shi ya kawo mini har da ruwan wanke hannu. Na biya Hajiya, na tura sule guda ƙarƙashin kwano, na fita ina jin kaina.

Roni

Da hantsi a-kori-kura ta sauke ni Roni. Ina cikin gaisawa da gwaggona sai ga sallama. Baba Sale ne, gumi har gemu.

"Ɗana, ka yi mantuwa."

"Naka ne, Baba. Tukuici ne, haka ake yi a Legas."

"Tukuicin me? Saƙo na kawo maka? Aikina ne, kuma Hajiya na biyana duk ƙarshen wata. Ta ce in na riƙe wannan, to ta daina, in koma cin abin da ake bari ƙarƙashin kwano. Mutanenmu kuwa ƙashi suke bari."

Na ce kyautata ba ta dawowa. Da ya tuɓe hula zai yi alwala na jefa sulen ciki, na sulale tasha.

Gwiwa

Motar gyaɗa na samu, muka yi faci sau biyu, muka isa bayan la'asar. Na zauna ke nan a zauren kawuna, sai ga Baba Sale a bayan keken wani Bafillace, wanda ya ɗauko don ya zama shaida.

"Bakuna bakwai nake ciyarwa da albashin nan," in ji shi. "Ka rufa mini asiri ka karɓi kuɗinka."

Kunya ta kama ni, na karɓa. Kawu ya dube ni sheƙeƙe.

"Mutum ya biyo ka da kayanka tun daga Kazaure, za ka sallame shi hannu biyu? Haka Legas ta koya maka?"

Na zaro naira guda, na ƙara da kuɗin mota, mai keke ma na sallame shi. Baba Sale ya soke nairar a aljihu.

"Wannan kam halak ne. Saƙo na kawo."

Babura

Washegari mota ɗaya muka shiga ni da Baba Sale zuwa Kazaure, na sake karyawa a rumfar Hajiya. Da na gama, Baba Sale ya dafa kafaɗata, ya ɗaga kwano, ya ɗaga tabarma, ya sa na kakkaɓe riga, sannan ya ce in tashi.

Ana kiran azahar na shiga gidanmu a Babura. Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa kawu da gwaggo, da Baba Sale da ya bar ni na iso gida ni kaɗai.