Bedin da Kakana Ya Dasa a Gidan Haya

Idan azahar ta gabato a bazara, kwanon ɗakina yakan fara ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana jifarsa da tsakuwa. Ba na jin wannan ƙara ban tuna kakana ba.

A wani ƙauye kusa da Runka na yi wayo. Gidanmu ginin ƙasa ne, da bedi uku, wato dogon yaro, a tsakar gida waɗanda kakana ya dasa tun yana saurayi. Komai zafin rana, kana shiga ƙarƙashinsu sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ƙeya. Nan kakata ta kafa randarta cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwanta har haƙori yake kamawa. Nan tsofaffi ke tufka igiya, awaki na tuƙa, mu yara muna birgima ba riga. Wallahi ban san inuwa aba ce da mutum kan rasa ba.

Ina da shekara goma sha biyar 'yan bindiga suka tashe mu. Muka hau akori-kura da abin da hannu ya iya ɗauka, muka sauka Batsari. Babana ya kama hayar ɗaki biyu a wata sabuwar unguwa, ginin bulo, kwano ba silin, gida manne da gida, iska ba ta da ta inda za ta bi. Ko itace ɗaya babu a layin. Bango yakan sha rana tun safe, ya yi ta amayar da ita har bayan magariba. Kakana, da ya haura tamanin, ya koma jan buzunsa a gindin katanga, yana bin 'yar inuwar da ke tsukewa har ta ƙare.

Da damina ta faɗi, ya samo dashen bedi ya kafa a ƙofar gida, ya kewaye shi da ƙaya. A gindinsa yake alwala don kada ruwan ya tafi a banza. Cikin shekara biyu ya fi ni tsawo.

Wata safiya mai gidan ya zo da magina.

"Baba, sai haƙuri. Shago za a fitar a nan."

"Alhaji, ka bar shi mana. Nan da baɗi har masu sayayya za su sha inuwa."

"Saiwarsa za ta fasa mini gini, Baba."

Kakana ya miƙe tsaye. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi gatari daga wurin lebura. "Ni na dasa," ya ce. Sara huɗu ya yi, bedin ya faɗi.

A bazarar da ta biyo ya kwanta da zazzaɓi. Ɗakin kamar tanderu. Muna jiƙa zane muna lulluɓa masa, kafin a juya ya bushe. Ranar ta uku ya kama hannun babana ya ce, "Ku fitar da ni inuwa." Babana ya fita ya dubi layin gabas da yamma, ya dawo ya sake jiƙa zanen. Washegari da la'asar kakana ya cika.

Yanzu garin ya ƙara cika da irinmu, kowa ya samu taku goma sai ya gine shi kaf. Ni ma ɗan filin da na samu haka na yi, har tsakar gidan na shafe da siminti. Da tsakar rana 'yar ƙaramar ɗiyata takan tsallaka shi da gudu a kan yatsu, tana kuka. Abin da na iya yi mata kawai shi ne tsawa, ta sa takalmi.