Kiɗan Da Aka Bari Babu Suna

Idan ka shiga wani kamfanin gyaran lif, wato na'urar hawa bene, da ke unguwar Shisha a Makka ka tambayi Sami Mukhtaru, za a nuna maka wani dogon mutum mai tabarau wanda yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya. Tebur ne, sitiyarin mota ne, bayan faranti ne, duk sai sun sha duka. Abokan aikinsa sun ɗauka gajen haƙuri ne. Babu wanda ya san cewa can a Wales, cikin Birtaniya, akwai faifan waƙoƙin da hannun nan ya shiga, kuma wasu mutum huɗu sun daɗe ana kiran su ɓarayi saboda Sami ya hana su faɗin haka.

A unguwar Nakkasa aka haife shi, a gidan da kakansa ya gina bayan ya zo aikin hajji daga Kano bai koma ba. Mahaifiyarsa daggaga ce, wato mai kiɗan bikin mata. Ita da ƙawayenta suke ɗaukar bandiri su raka amarya, kuma a unguwar, bikin da ba ta je ba ana ganin bai cika ba. A gida take gwajinta, Sami yana ji yana kwaikwayo a kan gwangwanin madara. Da mahaifinsa Mukhtaru ya samu aiki a wani ofishin alhazai suka sauko Shisha, sai ya ce kiɗa ya ƙare. Ya ce mutanen da ke gayyatarta su yi rawa, su ne gobe za su hana 'ya'yansu auren 'ya'yanta. Ba a yi rigima ba. Ta kyautar da bandirinta, ta koma dafa abinci.

Sami ya yi karatu sosai, ya samu tallafin gwamnati, ya tafi birnin Swansea na Wales koyon injiniya. Ruwan sama ya ishe shi, kaɗaici ma haka. A gidan da ke jikin nasa akwai wasu samari huɗu masu jita da ganga, kullum suna gwaji a gareji, kamar ana faɗa da tukwane. Mawaƙinsu, Gethin, shi ya fara kawo masa shayi don ban haƙuri a kan hayaniya, daga nan suka saba. Wata rana Sami ya ga wata fatar kiɗa a rataye a garejin, mai kama da bandiri. Ya sauke ta, hannunsa ya tafi da kansa, ya buga kiɗan fitar amarya daga gidan uwarta, wanda ke farawa a hankali sannan ya yi nauyi. Gethin yana da wata waƙa a kan barin garinsu bayan an rufe masana'antar da ubansa ya yi aiki, amma waƙar ta ƙi zama duk yadda suka juya ta. Ranar nan ta zauna.

Suka tafi da shi sutudiyo aka naɗa. Sharaɗi ɗaya ya kafa musu, kada sunansa ya fito ko'ina. Gethin bai gane dalili ba, amma ya yi alkawari.

Faifan ya fito a shekarar da Sami ya dawo Makka. Masu sharhi suka rabu. Wata mujalla a Landan ta ce waƙoƙin duk kamarsu ɗaya, babu mai zafi babu mai sanyi. Jaridar garinsu kuwa ta yabe su har yabon ya yi yawa. Amma kowa ya zo kan waƙar nan sai ya tsaya, har wani ya ce ita ce abu mafi kyau da yaran suka taɓa yi. Sai wata mai sharhi ta tambayi abin da sauran ba su tambaya ba: wannan kiɗa na waye? Ta ce ba na Wales ba ne, kuma babu sunan kowa a bangon faifan, saboda haka daga wani tsohon kaset na talakawan wata ƙasa suka kwashe shi suka yi shiru. Maganar ta kama su. Duk hirar da aka yi da su sai an tayar da ita, Gethin ya ce wani aboki ne ya buga, a yi masa dariya.

Sami ya karanta duk wannan a wayarsa, kunya tana cin sa. Kullum sai ya ce gobe zai yi magana. Ya yi aure, ya haihu, mahaifinsa ya rasu, goben ba ta zo ba. Gaskiyar ita ce irin tsoron da Mukhtaru ya rayu da shi ya riga ya zama nasa. Ko matarsa bai taɓa gaya wa sana'ar da uwarsa ta yi ba.

A bana ne Gethin ya aiko masa da saƙon murya. Ya ce za a sake fitar da faifan, kuma ba zai karya alkawari ba sai da izini. Sai dai 'yarsa ta ci karo da sharhin nan, ta zo ta tambaye shi ko da gaske sata ya yi. Sami ya saurari saƙon ya sake saurara.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya tafi unguwar Zahir, inda mahaifiyarsa take zaune wurin ƙanwarsa. Ya same ta ita kaɗai a falo tana tsince shinkafa. Bai yi dogon bayani ba, ya ajiye wayar kusa da ita ya kunna waƙar. Da jitar ta fara sai ta yamutsa fuska. Da kiɗan ya shigo, ta ajiye farantin.

Ta saurari waƙar har ƙarshe. Sannan ta ce, "Maimaita."

Ya maimaita. Ta ce, "Hannunka ne wannan. Ka yi sauri a tsakiya, amma hannunka ne." Ta ƙara da cewa, "Ka san ba a naɗar komai a ɓangaren mata. A da kyamara ake hanawa, yanzu waya ake karɓewa a ƙofa. Gidajen da na yi wa kiɗa an rushe su, ƙawayena sun tafi. Na ɗauka babu inda kiɗan ya rage, ya waladi, ɗana."

Sai ya ba ta labarin duka, har da zargin, har da 'yar Gethin. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Wallahi aib ne, abin kunya. Yaran mutane sun riƙe maka amana, ka bar su da sunan ɓarayi?"

"Zan gyara, Ummi. Yau zan ce su sa sunana."

"Naka kaɗai? Kai ka ƙirƙiro shi?"

Ya ɗago ya dube ta. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya ce, "To, sai in ce su rubuta Ummu Sami."

"Ummu Sami shinkafa take dafawa. Wadda ta yi kiɗan nan tana da sunan yanka."

Sami Bahaushe ne, bakinsa bai taɓa kama sunan uwarsa ba. Kuma ɗan Makka ne, a makarantarsu yaro yakan fasa wa ɗan'uwansa baki don kawai ya faɗi sunan uwarsa a gaban maza. Yanzu ana so ya miƙa wannan suna ga wani namiji, a buga shi a bangon faifai, kowa ya karanta.

"Mutane za su gani, Ummi. Surukaina, maƙwabta."

"Su gani. Babanka ya yi abin da ya ga ya dace, Allah ya jiƙansa, na bi shi ban yi musu ba. Yanzu ni nake nema."

Ya ɗauki wayar ya danna wurin naɗar murya. Ya gai da Gethin da Turanci, ya ba shi haƙuri, ya ce ya sauke masa alkawarin. Ya ce a rubuta cewa Sami Mukhtaru ne ya buga. Da ya zo kan sunan mai asalin kiɗan sai muryarsa ta tsaya, yatsansa yana kan wayar, saƙon yana ta tafiya babu magana. Tsohuwar tana kallonsa, ba ta taimake shi ba.

Ya ce, "Kiɗan kuma na mahaifiyata ne. Sunanta Kabira. A fara sa nata."