Dariyar Yaya da Na'ura Ta Share

Ni dai na yi lakwal, wato makarantar boko, kada wani ya raina ni. Ban ƙare ba, gaskiya ne, don mushe, malaminmu, ya ce kaina ya fi dacewa da kalmen noma, amma ɗan abin da na kwaso ya ishe ni zama masanin na'ura a garinmu, can bayan Buza. In rediyon wani ta yi shiru, ni ake kawo wa, in mare ta, ta tashi. Saboda haka ƙarar da zan kai ba ta jahili ba ce. Na'ura ta ci mutuncin yayata, kuma ina so a sani.

Yaya ita ce ta ƙarshe da ta riƙe waƙar niƙa ta gidanmu, wadda ake yi in za a kai ɗiya ɗakin miji. Waƙar ta girmi salla a zuri'armu. Cikinta akwai sunayen tuddai, da tsohuwar rijiya, da iskokin da kakanninmu ke gaidawa a gindin dutse tun ba su kama alwala ba.

Wata rana jikata ta zo daga Madawa. Aikinta a wata ƙungiya yake, masu yawo ƙauyuka suna ɗaukar muryoyin tsofaffi. Ni da ita wasan kaka da jika muke: ina ce mata amarya, tana ce mini ango mai haƙori uku, alhali sun fi haka. Ta aje na'urarta kusa da dutsen niƙa, Yaya ta durƙusa ta kama aiki. Ta yi waƙar tun daga kai har gindi, da tari, da nishi. Ana tsaka da yi na ce mata ta ɗaga murya, sai ta tsaya ta ce, "Kai ɗan lakwal, rufe mana baki, ba takarda ba ce!" Ta fashe da dariya har gari ya tashi mata a hanci. Duk na'ura ta kwashe.

Da ɗan Yaya, wanda ya yi karatun addini, ya saurara, ransa bai so ba. Ya ce, "Inna, duniya za ta ji ki kina kiran iskoki?" Anka sake zama don a sake ɗauka. Yaya ta sa mayafi, ta zauna bisa tabarma kamar mai jiran likita, ta rera rabin waƙa da murya mai ladabi. Babu dutse, babu dariya, babu zagina.

Na ja amarya gefe na ce, "To ta farin fa?"

Ta ce, "Ango, kwantar da hankalinka. Ma'ajiyarmu ba ta zubar da tsoho. In an sa sabo da suna guda, bisa tsohon yake hawa, tsohon na nan ƙarƙashi. Ran da ka so, in ciro maka."

Nan take na gane, don ni manomi ne. Haka muke yi da gero. Kowane gidan kirki a Adar yana da rumbun da anka liƙe bakinsa da laka, ba a taɓa shi. In ya shekara biyu ba a fasa ba, maigida na tafiya kasuwa yana ɗaga kafaɗa. A wurinmu abin da ba a taɓawa shi ne mai daraja. Na ce lalle masu na'urar ga sun samu tarbiyya.

Allah ya yi wa Yaya rasuwa bayan kaka. Ban nemi jin muryarta ba. Wane marar kunya ne zai riƙa tada muryar mamaci don jin daɗin kunnensa? Na bar ta a liƙe, damina na zuwa tana wucewa, ina alfahari da rumbuna na Madawa.

Sai ga auren jikar Yaya ya taso. Mata sunka taru su gwada waƙar, sunka tarar kowace ta san farko, ta san ƙarshe, tsakiya kuwa babu. Na ce su sha kuruminsu. Na sa babbar rigata, na hau mota sai Madawa.

Amarya ta zaunar da ni gaban odinatar, wato kwamfuta, ta danna, ta sake dannawa, sai ta ce, "Sai gobe."

"Gobe? Yaya ta tafi kasuwa ne?"

Ta yi mini bayani, ni kuwa ina kaɗa kai irin na waɗanda sunka yi lakwal. Wai ma'ajiyar hawa-hawa ce. Abin da ake buɗewa kullum yana bakin ƙofa. Wanda anka daɗe ba a nema ba, na'ura da kanta take tura shi ciki. In anka ƙara daɗewa, ta kai shi can ƙurya, wurin da suke kira mai sanyi, inda sai an roƙa an jira kafin ya fito.

Na ce, "Tsaya. Don ba a taɓa ta ba, shi ya sa anka kai ta baya?"

"I, Kaka. Na'ura na ɗauka ba mai so."

Ba mai so! Ni da na haƙura, na danne marmari don girmamawa, wani ƙarfe ya zauna ya yanke hukunci wai ba mai so. Kuma tsohuwar da ko da bazara take kwana da bargo, ita ce anka kai wuri mai sanyi.

Na kwana gidan amarya ina huci. Da hantsi munka koma. Muryar ta fito: Yaya mai mayafi, mai ladabi, rabin waƙa. Na ce, "Wagga ta ɗanta ce. Ciro mini tawa."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, har na lura ta daina kirana ango. Ashe akwai wata doka da wani a biro ɗinsu, wato ofis, ya kafa tun da daɗewa, don kada kaya su yi yawa: duk tsohon da sabo ya rufe, in ya kai wani lokaci a rufe, a share shi. Ba a tambayi kowa ba. Na'ura ta tashi wata safiya ta yi shara, ta haɗa da yayata.

Amarya ta ce, idonta ya kawo ruwa, "Da sau guda ka ce in kunna maka, da na ciro ta na ba ta sunanta daban."

Na ce, "Kada ki soma. Ni na yi abin da ubana ya koya mini. Wanda ya kafa dokar ga a kawo shi nan, in tambaye shi: in ya zuba sabon gero bisa tsoho, ƙona na ƙasan yake?"

Ba a kawo shi ba. An ce yana taro.

Ta biyo ni gida da na'urarta. Munka tara tsofaffin mata, ni ma na durƙusa gaban dutse, abin da ban taɓa yi ba, yara na leƙe ta katanga. Ina jawo baiti, wata ta gyara, wata ta ce ƙarya nake. Munka samo rijiyar, munka samo tuddai. Gaisuwar iskoki kuwa, baki biyu ko uku, ba wanda ya tuna. Ɗan Yaya yana tsaye bakin zaure, bai hana ba.

Na sa amarya ta ba wagga sabuwar waƙa da ta ɗauka sunanta ita kaɗai, kada a ɗora mata komi bisa. Kuma kowace ranar kasuwa sai na kira ta a salula na ce ta buɗe, ko ba mai saurare, don ƙarfen ya san da mai ita. Tana ce mini ta riga ta gyara dokar, ba sai an yi haka ba. Na ji. A buɗe dai.

Ran auren, mata sunka rera waƙar. Da sunka iso wurin da babu, ba wadda ta yi tsalle ta wuce. Sunka yi shiru, dutse kaɗai ke tafiya yana komowa, har tsawon abin da ya ɓace ya cika. A nan ne, ran ɗaukar farko, Yaya ta zage ni ta yi dariya. Na jira, ba wanda ya ce in rufe baki.