Anti Lauya Za Ta Sauko Daga Bene

Kafin in buɗe shagon ɗinkina ta riga ta hau sama. Sai in ji takunta a matattakala, sannan ƙarar tagar nan tata mai cijewa, sannan butar shayi ta fara huci. Ofishin ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, akwai tebur da kujeru masu laushi, ga kwandon kayan wasa a lungu saboda yaran da ake zuwa da su. Aikinta shari'ar iyali: rabuwar aure, riƙon 'ya'ya, rigimar gida. Anti Lauya muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba za ta sauko daga benen nan shiru ba, sai kowa ya ji ko wace ce.

Tun farkon zamanmu ta ja mini kunne. Ta ce, "Mai ɗinki, in kin ji ana buga tebur, ci gaba da aikinki, magana ce ke fitowa. In kin ji tsit, to hawo da ruwan sanyi."

Na hau da ruwa ba adadi, amma ranar Inna mai kayan miya ce ba na mantawa. 'Yar Inna ta rasu ta bar mata jinjira, uban yana can wata ƙasa wurin aiki. Inna ta goya yarinyar, ta yaye ta, ta sa ta makaranta. Kwatsam sai ga uba ya dawo, ya kai ƙara kotu yana neman 'yarsa. Inna ta faɗo shagona ko takalmi babu, ni na kama hannunta muka hau.

Anti ta bar ta ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta ce, "Inna, ba zan yi miki daɗin baki ba. Uba yana da haƙƙi. Amma yarinyar ma tana da nata, kuma shi zan tsaya a kai."

Ta tsaya kuwa. Da ƙafarta ta je makarantar, ta zauna da malamar ajin, ta zauna da yarinyar a kan tabarma suna zane suna hira. Ranar shari'a duk layinmu muka rufe shaguna, muka cika bencin kotu, har mai gyaran waya da ba ya barin wurinsa ko gobara ake. Mun zaci za ta yi kaca-kaca da mutumin. Sai ta roƙi alƙali ɗan lokaci, ta tarar da uban a barandar kotun, lauyansa na gefe.

Ta ce, "Ɗana, me kake tsoro?"

Ya ce, "Anti, na miƙa mata hannu ta ɓuya a bayan kakarta. Ba ta san ni ba."

"To mu fara daga nan. In ka ɗauke ta yau da kuka, kukan za ta sani, ba kai ba."

Suka koma ciki da yarjejeniya, alƙali ya tabbatar: yarinya na wurin Inna lokacin karatu, uba yana ɗaukarta ƙarshen mako da hutu. Muka fito muna rungumar juna kamar mu aka bai wa 'yar. Bara yarinyar ta gama sakandare, su uku suka shigo shagona zaɓen yadi, Inna da surukinta suna musu a kan launi, ita tana ta yi musu dariya.

Anti, ke ce mai shiga gida yana ci da wuta, ki fito da yaran lafiya. Ke ce kika nuna mana ana iya cin shari'a ba tare da an tozarta kowa ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi da ƙafafu masu lafiya.

Ku kuma matasan lauyoyi da ke wucewa ta ƙofata da baƙar riga a hannu, ku hau ku gaishe ta tun tana nan. Ku tambaye ta yadda ake sauraron mutum har ya faɗi abin da ke cin ransa. Iyalai na nan tafe, kuma wani a cikinku za su nema.