Ƙwayar Aro

'Yar Aro ake ce mata a gidan hayar, don ba wanda ya taɓa ganin ta sayi ashana. Gishiri aro, bokiti aro, har dutsen guga aro, alhali guga ce sana'arta. Zannuwan gado take gogewa a ɗakin wankin wani otal, can bayan kicin, inda zafi da warin sabulu ke sa ido hawaye. Da wannan aikin take ciyar da 'ya'ya shida, don mijinta direban babbar mota ne, mai zuwa gida kamar baƙo, ya ci, ya kwanta, ya bar mata tsaraba a ciki ya wuce.

Shugabar ɗakin wankin ba ta ɓoye dokarta ba: mai ciki ba ta aiki a wurinta. Wai tausayi ne, kada zafi ya dafa jariri. Tausayin nan ya raba mata da yawa da abincinsu.

'Yar Aro ta taɓa zuwa asibiti neman maganin tazarar haihuwa. Ta yini a benci, nas ta ce ta koma ta zo da maigida. Maigidan kuwa da ya ji, tambayarta ya yi me matar matafiyi za ta yi da wannan magani, in ba da wata manufa ba.

Mai Kitso ta ɗakin ƙarshe ce ta kawo mafita. Ita tana karɓo katin ƙwayar hana ɗaukar ciki, kuma a ganinta asara ce mace ta riƙa haɗiya kullum alhali miji ba ya gari. "Yaya, wa ke shan maganin ciwon kai kansa lafiya lau?" Kati ya zama na gida duka, yana zaune a gwangwanin madara. Wadda mijinta ya dawo sai ta leƙa ta ɓallo guda biyu. In da ɗoki ya dawo, uku.

Da amai ya fara, 'Yar Aro ta ɗora wa sabulun otal laifi. Da ciki ya fara turo riga, ta ɗaure shi tamau da tsohon ɗankwali, ta ari rigar aikin wata mai ƙiba. A gidan, matar maigadi da matar kwandasta su ma sun koma tofar da yawu a bakin famfo. Mai Kitso ce kaɗai garau. Ashe tuni ta koma allura a ɓoye, katin da take rabawa wanda ta daina sha ne.

Direba ya zo, ya kalli cikin, ya ce, "Ke dai ba kya lura. Da me za a riƙe na bakwai?" Sannan ya tambayi abinci.

Wata safiya ta miƙa hannu za ta sauko da zannuwa daga saman kantar ajiya, ɗaurin ya kwance, ɗankwalin ya faɗo a gaban shugabar. Matar ta dubi ɗankwalin, ta dubi cikin, ta yi mata barka da fara'arta, ta ce Allah ya raba lafiya. Ta ƙara da cewa ta goge rigar aikin tas kafin ta ajiye, gobe wata za ta saka.