Mai Hedifon a Injin Shinkafa

A bakin wani injin casar shinkafa a Kura na tsaya ina kallon wani ma'aikaci. Dattijo ne siriri, gemunsa da girarsa sun yi fari fat da ƙurar ɓuntu. A kansa akwai wani ƙaton hedifon baƙi, irin na ma'aikatan gidan rediyo. Fatarsa ta fara ɗayewa, wayarsa kuma ta shige aljihu inda 'yar rikodarsa take. Ina jin a gwanjo ya tsince shi tun ba a san darajarsa ba.

Wani ɗan kasuwa da ya zo daga birni ɗaukar buhuna yana ta zagaya shi.

"Baba, irin wannan ya yi tsada yanzu, ya kusa kuɗin babur. Ka sayar mini mana."

Dattijon ya ɗaga gefe ɗaya, ya sa aka maimaita masa. Sai ya cire shi a hankali, ya goge shi da bakin riga tun kafin ya goge fuskarsa.

"Ɗana, injin nan ya cinye mini kunne ɗaya. Ɗayan kuwa da wannan yake jin karatun Alƙur'ani. Babur zai karanta mini?"

Ya mayar da shi kansa, ya koma bakin aiki.