Baba Bokiti Zai Ajiye Aiki

Kafin a buga ƙararrawar safe yana bayan ɗakin gwaji, hannun riga a naɗe. Ruwan da ɗalibai suka wanke hannu da shi jiya yana taruwa a duro, shi yake ɗiba da bokiti ya bi bishiyoyin lambun makaranta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan yara suka laƙaba wa malamin kimiyyarsu suna Baba Bokiti. Ya sani, kuma yana amsawa.

Ƙa'idarsa ita ce ba ya barin sabon ɗalibi ya dasa bishiya. Sai dai ya gaji ta wanda ya gama makaranta, ya raya ta, shi ma ya miƙa wa na baya. Yakan ce dasawa aikin mai son hoto ne. 'Yata ta gaji wata karkatacciya, ta dawo gida tana ƙorafi an ba ta gurguwa. Yau ta yi aure, amma in ta kira ni sai ta tambayi lafiyar gurguwarta kafin tawa.

Darasin ɗumamar yanayi ma ba a allo yake farawa ba. Yakan tsayar da aji a kan siminti da tsakar rana, sannan ya mayar da su inuwa, ya ce to, yanzu a buɗe littafi.

Malam, kai ne ka koya wa 'ya'yanmu jin kunyar famfo mai zuba. Mu iyayensu ba mu koya musu ba, mu faɗi gaskiya.

Ƙarshen zangon nan zai yi ritaya, likita kuma ya hana shi ɗaukar nauyi saboda bayansa. Ya bi malamai ɗaya-ɗaya yana neman mai karɓar lambun. Wani matashi ya ce masa kimiyya aka ɗauke shi koyarwa, ba noma ba. Matar Malam ta gaya mini bai yi fushi ba, ya dai kasa cin abinci ran nan. Da ta ce ya haƙura, sai ya ce, “Ba zan ga bishiyoyin nan sun girma ba, wannan na yarda. Kada dai in gan su sun bushe.”

Mun gode, Malam. Allah Ya saka, Ya ba bayan nan lafiya.

Ku kuma da za ku cika zauren walimar bankwanarsa kuna tafi, tafi ba ya jiƙa saiwa. Mutum ɗaya yake nema, mai zuwa kullum, kuma har yau bai samu ba.